Daga Lamba zuwa Wuri: Gyaran Manhajar Teburin Haske domin Fitilu Masu Ƙwayaye da Yawa

Tsakure

Teburin sarrafa hasken dandamali ya gaji tunaninsa ne daga zamanin ƙwan fitila mai zare, lokacin da lamba ɗaya take nufin fitila ɗaya mai haske ɗaya. Fitilun yau sun rushe wannan lissafi, domin akwati guda yakan ɗauki ƙwayaye goma ko ashirin ko talatin da bakwai, kowanne da launinsa da ƙarfinsa. Wannan maƙala ta bi sawun matsalar tun daga ƙa'idar DMX512 ta 1986, ta duba yadda manyan tebura suka tunkare ta, sannan ta nuna wurare huɗu da mai tsara haske yake shan wahala har yau. Matsayar maƙalar ita ce manhaja ta riƙa adana niyyar mai tsarawa, wato wane haske yake so a wane wuri, lissafin lambobi kuma ya zama aikin na'ura. An rufe da shawarwari biyar.

1.0 Gabatarwa

Bari in fara da abin da idona ya gani, tunda gani ya kori ji.

Wata rana muna shirya wani zauren biki a Kano. An rataya mana dogayen fitilu goma sha biyu a bayan dandamalin amarya, kowace da ƙwayaye takwas, jimilla casa'in da shida. Abin da aka nema bai taka kara ya karya ba: a lokacin shigowar amarya, haske mai ruwan zinariya ya taso daga hagu ya ratsa bango zuwa dama. Na zaɓi fitilun, na ba da umarni. Sai hasken ya shiga tafiya yana dawowa, nan ya yi gaba, can ya yi baya. Yaron da ke kan tsani ya leƙo ya ce, "Malam, shida daga ciki a juye muka rataya su, don wayar ba ta kai ba." Gaskiyarsa, wayar ba ta kai ba. Teburin kuwa bai san an juya komai ba; shi dai ya san ƙwai na ɗaya yana gaba da na biyu. Tsakanin La'asar da Magariba na zauna ina sake jera ƙwayaye arba'in da takwas da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Aikin da ya cinye wannan yammaci lissafi ne tsantsa, kuma lissafi aikin na'ura ne. Tambayar maƙalar ke nan: me ya kamata manhajar tebur ta sani game da fitila mai ƙwayaye da yawa, don mai tsarawa ya koma kallon dandamali maimakon ƙirga lambobi?

Kafin a ci gaba, ga kalmomin da zan yi amfani da su. "Gurbi" shi ne lamba ɗaya da tebur ke aikawa. "Unguwa" tarin gurabe 512 ne da ke tafiya a waya guda, kowace fitila da adireshinta a ciki. "Uwa" ita ce ɓangaren fitila da ke riƙe da abin da duk ƙwayaye suka yi tarayya a kai, kamar juyawa da babban ƙarfin haske. "Yanayi" kuwa shi ne kamannin haske da aka adana don a kira shi lokacin wasa.

2.0 Asalin Matsalar

Cibiyar fasahar wasan dandamali ta Amurka, USITT, ita ta fitar da DMX512 a 1986. An sake duba ta a 1990, ta zama ƙa'idar ANSI E1.11 a 2004. An gina ta ne don tebur ya gaya wa na'urar rage wuta yawan wutar da za ta ba kowane ƙwai. Kowane gurbi yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 255, kuma idan unguwa ta cika, saƙon yana maimaituwa kusan sau 44 a daƙiƙa. Ƙa'idar ba ta san launi ba, ba ta san wuri ba, ba ta san cewa gurbi na bakwai da na takwas 'yan gida ɗaya ne ba. Sauƙin nan shi ya sa ta yi tsawon rai, shi ne kuma ya bar wa manhajar tebur dukan nauyin fassara.

Fitila mai ƙwayaye da yawa ba baƙuwa ba ce a dandamali. Tun da can akwai dogayen fitilun haska labulen baya masu layin wuta uku ko huɗu, da fitilun kashe ido masu ƙwayaye huɗu ko takwas da ake haska 'yan kallo da su. Ƙwayayen ba su da yawa, don haka a ba kowane layi lambarsa an gama. Gyara na farko mai girma ya zo ne da fitila mai motsi. Bayan Vari-Lite ta bayyana a rangadin ƙungiyar mawaƙa ta Genesis a 1981, dole tebura suka koyi cewa fitila ɗaya tana iya mallakar sifofi da yawa: juyawa, ɗagawa, launi, faɗin haske. Tebura irin su Wholehog, a farkon shekarun 1990, sun kafa wannan tunani, kuma a kansa ake har gobe: fitila ɗaya, sifofi da yawa, amma kowace sifa sau ɗaya.

Shuɗin LED mai ƙarfi da kamfanin Nichia na Japan ya fitar a 1993, wanda bincikensa ya kai Akasaki da Amano da Nakamura ga lambar Nobel a 2014, shi ya buɗe ƙofar haɗa ja da kore da shuɗi a ɗan ƙaramin ƙwai. Daga nan sifa ɗaya ta fara maimaituwa a jikin fitila guda. A 2013 kamfanin Clay Paky na Italiya ya fitar da B-EYE K20 mai ƙwayaye 37, ɗaya a tsakiya, sai zobe uku masu 6 da 12 da 18. MagicPanel 602 ta kamfanin Ayrton tana da 36, shida a tsaye shida a kwance. Impression X4 Bar 20 ta kamfanin GLP na Jamus tana da 20 a jere.

A duba lissafin K20 idan ana son kowane ƙwai da ja da kore da shuɗi da fari nasa. Ƙwayaye 37 sau 4 sun ba da gurabe 148, a ƙara 21 na uwa, an sami 169. Uku kawai ke shiga unguwa ɗaya, domin sun cinye 507 daga cikin 512. Goma sha biyu daga cikinsu na nufin ƙwayaye 444, gurabe 2,028, unguwanni huɗu. Hanyar isar da wannan yawa an riga an same ta: Art-Net, wadda kamfanin Artistic Licence na Ingila ya ƙirƙiro a 1998, da sACN ta 2009, suna ɗaukar dubban unguwanni a wayar sadarwar kwamfuta. Waya ta faɗaɗa. Inda aka tsaya shi ne hannu da idon mutum ɗaya da ke zaune gaban tebur.

3.0 Abin da Tebura Suka Riga Suka Yi

Adalci ne a faɗi cewa masu ƙera tebura ba su naɗe hannu ba. Tsohuwar dabara ita ce a shigar da uwa a matsayin fitila, kowane ƙwai ma a matsayin fitila mai zaman kanta, sai jerin fitilu ya kumbura, dangantakar da ke tsakaninsu kuma ta ɓace. Yanzu grandMA ta kamfanin MA Lighting, da Eos ta ETC, da Titan ta Avolites, da MagicQ ta ChamSys, duk sun haɗu a kan salo ɗaya na kira: lambar fitila, ɗigo, lambar ƙwai. Wanda ya buga 5.3 ya kira ƙwai na uku a fitila ta biyar. Duk suna da hanyar jera ƙwayaye a kan allo mai gida-gida don a shimfiɗa hoto ko motsi a kansu. Har manhajar kyauta ta QLC+, wadda masu ƙaramin ƙarfi ke ɗora wa kwamfutar hannu, ta san cewa fitila na iya zama da kawuna da yawa.

Ta fuskar bayanin fitila ma an yi nisa. RDM, ƙa'idar ANSI E1.20 ta 2006, ta ba fitila damar mayar wa tebur da magana, kuma ta tanadi ƙananan na'urori a ƙarƙashin babba. A 2018 MA Lighting da Robe da Vectorworks suka fito da GDTF, fayil da ke bayyana fitila gaɓa-gaɓa, har da inda kowane ƙwai yake a jikinta. Ta zama DIN SPEC 15800 a 2020. 'Yar uwarta MVR tana ɗaukar inda aka rataya kowace fitila a zaure da inda ta fuskanta.

Kayan gini ke nan sun taru. Abin da ya rage shi ne, a aikin yau da kullum, yanayin da aka adana yana manne da lambar ƙwai da jerin zaɓi, shi kuwa sanin wuri yana zaune a wani allo dabam da sai an je an nemo shi.

4.0 Inda Takalmin ke Matsi

4.1 Wane ne mai iko da haske?

Wasu fitilu suna da gurbin ƙarfin haske a uwa kaɗai, wasu a kowane ƙwai, wasu duka biyun, wasu kuma babu ko ɗaya, sai launuka uku. A irin na ƙarshe manhaja ce ke ƙirƙiro ma'aunin ƙarfi ta hanyar ninkawa. Idan ja yana 200, uwa tana rabi, ƙwai ma yana rabi, abin da zai fita waya 50 ne. Matsalar ita ce allo yakan nuna ɗaya daga cikin lambobin uku, mai tsarawa ya ɗaga uwa har ƙarshe fitila ta ƙi kamawa, saboda wani yanayi da aka wuce tun ɗazu ya bar ƙwayayen a sifili. Wani ƙarin ruɗani, fitilu irin K20 suna da injin zane na cikin gida da ke iya rufe abin da tebur ya aika wa ƙwayaye, don haka masu iko sun zama uku.

Akwai kuma lalacewar launi a ƙasan ma'auni. Ruwan lemo mai ja 255 da kore 100, idan aka rage shi zuwa kashi 2 cikin ɗari, ya koma 5 da 2. A kashi 0.4 ya koma 1 da 0, wato ja zalla. Mai kallo yana ganin haske ya canza launi daf da mutuwarsa, kuma kyamarar talabijin ta fi ido saurin kama wannan.

4.2 Jerin lamba ba jerin wuri ba ne

Kowane kamfani da yadda yake ƙirga ƙwayayensa: wani daga tsakiya zuwa waje, wani layi-layi, wani yana tafiya yana dawowa kamar mai huɗa a gona. Sannan mai ratayawa yana iya juya fitilar, kamar yadda ya faru da mu. Mai tsarawa yana tunanin "zoben waje" ko "rabin hagu" ko "layin sama", teburin yana tambayarsa lambobi. Ginin rukunoni da hannu shi ne kuɗin da ake biya kan wannan giɓi, kuma ana sake biyansa a kowane sabon zaure.

4.3 Motsi da ake aunawa da ƙwai

Yawancin injinan motsin haske suna auna tafiya ne da abubuwan da aka zaɓa, ba da nisan da ke tsakaninsu ba. A ɗauki fitila mai tsawon mita ɗaya da ƙwayaye 20, ana tsalle daga ƙwai zuwa ƙwai kowane kashi 5 cikin ɗari na daƙiƙa. Haske zai ratsa ta cikin daƙiƙa ɗaya. A maye gurbinta da mai ƙwayaye 10 mai tsawo iri ɗaya, zai ratsa cikin rabin daƙiƙa, ya saɓa wa kiɗan da aka ɗora shi a kai. Haka idan akwai tazarar mita biyu tsakanin fitila da fitila, haske zai tsallake ta nan take kamar babu ita, ido kuma ya ga tafiyar ta yanke.

4.4 Canjin fitila

Ƙungiyar da ke rangadi, ko kamfanin haya da fitilarsa ta lalace, kullum cikin musanya suke. Kwafe aikin wata fitila zuwa wata ya daɗe da kankama a kan fitilu masu kai ɗaya. Amma me za a yi da aikin ƙwayaye 37 idan wadda ta samu mai 19 ce? Idan an bi lamba, ƙwayaye 18 sun zube, zoben waje ya tafi da duk abin da aka zana a kansa.

5.0 Shawarwari

Ta farko, fitila ta zama gida mai tsari, a fayyace mai iko. Manhaja ta riƙe uwa da ƙwayayenta a matsayin abu ɗaya, kuma ɗaga ƙarfin fitila ya fitar da haske ko wane irin gini ne da ita. Idan aka taɓa ƙwai a allo, a ga silsilar da ta haifar da lambarsa: launi daga wane yanayi, ƙarfi daga wace feda (sandar ɗaga haske a tebur), sakamako nawa ya fita waya. Idan fitila ta ƙi kamawa, teburin ya faɗi wanda ya riƙe ta cikin jimla ɗaya. Lissafin ciki kuma a yi shi da ma'auni mai faɗi, kamar na gurabe biyu mai matakai 65,536, a tsare daidaiton launuka har zuwa lokacin da za a matse shi cikin 255.

Ta biyu, wuri ya zama harshen zaɓi na farko. Kowane ƙwai ya san matsayinsa a jikin fitila, kowace fitila ta san matsayinta a zaure, manhaja ta haɗa biyun da kanta. "Daga hagu zuwa dama" ya zama hagun dandamali. Zobe da layi da rabi su fito daga siffar fitilar ba tare da an gina rukuni ba. A allon shigar da fitilu kuma a sa maɓalli ɗaya na "a juye take", wanda danna shi zai gyara duk yanayin da aka adana, na baya da na gaba. Da akwai wannan a hannuna ranar bikin nan, danni shida ne ya raba ni da aikin yammaci guda.

Ta uku, a auna motsi da mita da daƙiƙa. Mai tsarawa ya ce haske mai faɗin rabin mita ya yi tafiyar mita huɗu a daƙiƙa, ko ya ratsa dandamali cikin bugun kiɗa takwas. Kowane ƙwai sai ya ɗauki rabonsa gwargwadon inda yake. Tazara tsakanin fitilu ta shiga lissafi, yawan ƙwayaye kuma ya daina shafar sauri, sai dai laushin tafiya.

Ta huɗu, yanayi ya adana niyya. Maimakon jerin lambobi 37, a adana "tsakiya fari, zoben waje shuɗi". Idan fitila ta canza, manhaja ta sake zana wannan a kan sabuwar siffa, ta nuna sakamakon kafin a amince, ta kuma yi alama a inda zanen bai zauna ba. Ba kowane zane ne zai tsira daga 37 zuwa 19 ba, kuma gara a gaya wa mutum da rana tsaka da ya gano ana tsakiyar wasa.

Ta biyar, tebur ya iya koyon fitilar da bai sani ba. Wannan ita ta fi shafar mu. Yawancin fitilun da ke zaurukan biki da ƙananan ɗakunan ɗaukar shiri a garuruwanmu masu araha ne daga Sin, da yawa ba su da fayil ɗin bayani a ɗakin ajiyar kowane tebur, sai 'yar takarda da wani lokaci ba ta dace da abin da ke cikin akwatin ba. GDTF ba za ta taimaki fitilar da ba wanda ya rubuta mata fayil ba. Abin da ake buƙata shi ne manhaja ta riƙa ɗaga gurabe ɗaya bayan ɗaya tana tambaya, "me ya kama?" Da ta ga ja, kore, shuɗi sun maimaitu sau biyu, ta gane zubin ta cike sauran. Idan aka haɗa da kyamarar waya, tana iya kunna ƙwayaye bi da bi ta zana inda kowanne yake. Abin da ta koya ta fitar da shi a matsayin GDTF, don wahalar mutum ɗaya a Kano ta hutar da wani a Zariya ko Maraɗi.

6.0 Abin da Za a Iya Cewa a Kai

Ƙwararrun masu tsarawa za su ce duk lokacin da manhaja ta fara yi wa mutum tunani, saurinsa na raguwa, kuma yatsun da suka haddace lambobi sun fi kowane allo gudu. Wannan magana tana da ƙarfi, kuma dole a girmama ta. Kada a toshe ƙofar 5.3, wanda yake son taɓa ƙwai ɗaya ko gurbi ɗaya ya same shi nan take, abin da ya sa da hannu kuma ya rinjayi abin da na'ura ta lissafa.

Za a kuma ce lissafin wuri ga dubban ƙwayaye sau 44 a daƙiƙa yana cin ƙarfin na'ura. Amsar ita ce yawancin fitilu a tsaye suke, matsayinsu sau ɗaya za a lissafa a ajiye. Masu motsi ne kaɗai ke buƙatar a yanke hukunci: zane ya bi fuskar fitila ko ya bi zaure. Wannan zaɓi ne na mai tsarawa, a ba shi a sarari.

Ƙalubale na gaske shi ne shigar da bayanin wuri. Babban wasa yana zuwa da zanensa a MVR. Ƙaramin zaure ba shi da zane ko kaɗan, ana rataya fitila ne inda ƙarfe ya samu. Shi ya sa shawara ta biyar ita ce ginshiƙin sauran huɗun a irin wurarenmu: muddin sanar da tebur inda fitilu suke ya fi jera su da hannu wahala, ba wanda zai yi.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ƙa'idar 1986 ta bar fassara a hannun manhaja, cewa fitila mai motsi ta koya wa tebura sifofi da yawa, kuma cewa fitila mai ƙwayaye da yawa tana neman darasi na biyu, wato sanin wuri. Hanyoyin isar da saƙo da na bayyana fitila sun samu. Saura a sa su zama tushen yadda ake zaɓi da motsi da adanawa.

Ina ba da ma'auni guda uku da kowa zai iya gwada tebur da su. A juya rabin fitilu a ƙirga danni nawa ake buƙata kafin haske ya koma tafiya daidai. A musanya fitila mai ƙwayaye 20 da mai 10 a ga ko saurin ya tsaya. A kawo fitilar da ba ta da fayil a auna minti nawa kafin ta yi biyayya. Ina kira ga sassan kimiyyar kwamfuta da na wasan kwaikwayo a jami'o'inmu su haɗa hannu a kan wannan, tunda QLC+ a buɗe take ga mai son gyara, GDTF ma a buɗe take ga mai son karantawa. Ɗalibin da ya gina manhajar koyon fitila ya warware matsalar da yaron kan tsani da mai zama gaban tebur suke fama da ita duk ƙarshen mako.